Ranar da Na Sauke Matata a Bakin Ƙofa

Shekara goma sha uku ina tuƙi a Riyad, ban taɓa goge motar kowa ba. Ina faɗin haka tun farko domin kada a ɗauka rashin iya aiki ne ya jawo abin da zan ba da labari. Iya aikin ne ma ya jawo shi.

Ni direban gida ne. Ɗakina yana jikin katangar gidan kafilina, mutumin da iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, take ƙarƙashin sunansa, a arewacin gari. Ƙofar ɗakin titi take kallo, ba ta kallon tsakar gida. Motar da nake ja baƙa ce, doguwa, mai kujera takwas. Da safe makaranta, da hantsi in kai uwargidan asibiti ko kasuwa, da yamma in kai 'yan matan gidan wurin ƙawayensu. Aikin yana da ladabinsa, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Za ka buɗe ƙofar baya ka kau da kai. Za ka ɗaga madubin tsakiya sama kaɗan, yadda idonka ba zai faɗa kan fuskar matan da ke baya ba. Ba ka magana sai an yi maka, amsarka kuma kalma ɗaya ce, "Hadir," wato an gama. In an isa, ka sauke su a bakin ƙofa, ka nemi inuwa ka jira waya. A wannan ladabin ban ga wanda ya fi ni a unguwarmu ba. Uwargidan ma da ni take ba da misali in tana mita a kan direban ƙanwarta.

Matata tana Maraɗi. Duk shekara biyu nake zuwa gida in yi wata biyu, sauran zaman auren kuma a waya ake yin sa. Zuwana na ƙarshe na lura mun koma gaisuwa da yawa, hira kaɗan. Ta kawo abinci ta ajiye, in ce sannu, ta ce yauwa, shi ke nan. Na ga abin, amma na ce gajiya ce.

Sai ga shi ta samu zuwa Umra tare da matan islamiyyarsu. A tsarin tafiyar akwai yini guda da za su yi a Jidda suna jiran jirgi. Kafin su taso ta aiko mini da saƙon murya, na saurare shi ina zaune a mota a ƙofar wani asibiti.

"Malam, ba Umra kaɗai za ta kawo ni ba. Zan zo in duba da idona ko har yanzu ina da miji, ko kuwa murya ce kawai a waya. In murya ce, gara in sani in daina jira."

Ba ta yi dariya a ƙarshensa ba. Na saurara sau uku ina neman dariyar, babu. Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Amma tsoron bai daɗe ba, domin na ji inda za a yi jarabawar. Jidda! Duk hutun makaranta ni nake tuƙa iyalin kafilina daga Riyad zuwa can, tafiyar yini guda cur, mu yi sati biyu ko uku. Na san titunanta, na san danjar da ke daɗewa, na san shataletalen da ake kauce wa bayan la'asar. Na ce wa kaina, wannan matar ta kawo ƙara kotun da ni ne alƙali.

Ranar Juma'a na je unguwar Gubaira, inda muke haɗuwa da 'yan garinmu bayan an sauko daga masallaci, mu ci tuwo a ɗakin wani mai walda. Da na faɗa musu, kowa ya kawo shawararsa. Wani ya ce in ɗauki tasi yini guda, mu zauna a baya ni da ita a yi ta yawo da mu.

Na ce, "Ni? Wani ya tuƙa ni a Jidda? Wallahi da na yi haka gara in tura motar da hannu."

Kafilina mutumin kirki ne. Ya ba ni kwana biyu, ya ba ni takardar izinin ɗaukar motar haya. Na hau jirgi a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid da sassafe, wurin da na sauke mutane ba adadi, ranar ni ne fasinja. Ina sauka Jidda na nufi teburin masu ba da hayar mota, na miƙa lasisi da iƙama. Yaron teburin ba yaro ba ne, dattijo ne mai tabarau. Ya dube ni daga sama har ƙasa, domin ni dogo ne, ya nuna mini hoton wata babba.

Na ce, "Mafi ƙanƙanta nake so."

Da gangan na zaɓa. Na sha wuyar neman wurin fakin da doguwar mota a garin nan, na kuma sha ganin irin waɗannan ƙananan suna kutsawa inda nake hange ina cizon yatsa. Aka kawo mini wata ja, 'yar dunƙulalliya. Da na shiga, gwiwata ta taɓa sitiyari, kaina ya kusa taɓa rufi. Na tura kujera baya iyakarta, na murza makulli, na ji ƙararta kamar ta keken ɗinki. Amma da na hau titi na juya ta sau biyu, sai na ji na so ta. Duk inda na ce ta shiga, shiga take yi.

Na same su a ƙofar masaukinsu, mata kusan goma zaune kan jakunkuna da jarkokin zamzam. Na gane ta tun daga nesa ta yadda take riƙe gefen hijabinta. Ta rame kaɗan, fuskarta kuma ta yi haske irin na wanda ya fito daga ibada. Matan suka hau guɗa ƙasa-ƙasa suna zolayarta, wai ga ango ya zo da motar amarya. Muka gaisa, na yi mata barka da Umra, ta amsa tana kallon ƙasa.

Sai na zagaya na buɗe mata ƙofar baya, na kau da kai.

Ban san na yi ba. Hannuna ne ya yi abin da ya saba. Ta ɗan tsaya, ta dubi kujerar gaba, ta dube ni, sannan ta sunkuya ta shiga baya, ta naɗe ƙafafunta a ɗan wurin da kujerata ta bari. Guɗar matan ta mutu. Ni kuwa na ɗauka kunya ce ta hana su ci gaba. Na shiga, na ɗaga madubi sama kaɗan, na ja mota.

Na yi tuƙi mai kyau ranar, wannan kam ba mai ƙwace mini. Ban taka birki da ƙarfi ko sau ɗaya ba. Na bi ta hanyar da ba cunkoso, na daidaita sanyin mota yadda ba zai dame ta ba. Abin da ban yi ba shi ne magana. Can ta ce, "Malam, ko za a rage sanyin nan?"

Na ce, "Hadir."

Ta mayar da fuskarta wajen taga.

Na fara da Balad, tsohon garin Jidda, domin nan matan gidanmu suke fara zuwa duk hutu. Na tsaya daidai ƙofar da nake tsayawa kullum, na fito na buɗe mata.

"Nan ne tsohon gari, Hajiya. Ki shiga ta nan, ki miƙe, akwai tsofaffin gidaje da kasuwa. In kin gama ki buga mini, ina can gindin inuwa."

Ta ce, "In shiga?"

Na ce, "Ki shiga, kada ki ji komai, wurin lafiya lau ne."

Ta dube ni wani irin kallo da ban tsaya na karanta ba, domin na riga na kau da kai. Ta juya ta shiga. Ni kuma na ja motata zuwa bayan wani dogon gini inda direbobin gida suke taruwa, na cusa ta a wani ɗan lungu tsakanin manyan motoci biyu, ina jin daɗin yadda ta shige. Na sayi shayi a wurin mai shayin da ya san ni, na jingina da bango.

A cikin direbobin akwai wani ɗan Damagaram, ya girme ni, mun sha haɗuwa a wannan inuwar shekara da shekaru. Ya dubi jar motar ya tuntsire da dariya.

"Kai kuma yau me ya sami kafilin naka? Ko motar ce ta haihu ka zo da ɗiyar?"

Na ce, "Tawa ce ta yau. Haya na ɗauka."

"To wa ka kawo?"

Na ce, "Maiɗakina. Umra ta zo."

Ya sauke kofin daga bakinsa. "Maiɗakinka? Ta gida?"

"Ita."

"Tana ina?"

Na nuna ƙofar da haɓa. "Tana ciki."

Ya ƙura mini ido, har na fara tsarguwa. Sannan ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, to kai me kake yi a nan?"

Na buɗe baki zan ce jira nake. A nan take komai ya dawo mini a jere: ƙofar baya, madubi, hadir. Na ciro waya in kira ta, sai na tuna abin da ya fi duka muni. Layinta na gida ne, ba ya aiki a nan sai ta samu intanet ɗin masauki. Na ce ta buga mini da wayar da ba ta bugawa. Na tura matar da ba ta jin Larabcin kasuwa cikin garin da ba ta taɓa gani ba, na zo ina shan shayi.

Na ajiye kofin ban shanye ba, na ruga.

Ina shiga ƙofar na gane abu na biyu. Ban san wurin ba. Shekara goma sha uku ina sauke mutane a bakin ƙofar nan, ƙafata ba ta taɓa tsallake ta ba. Abin da na ce mata, "ki miƙe," a bakin 'yan matan gidanmu na ji shi. Hanyar ba ta miƙe ba. Ta rabu biyu, kowace ta sake rabuwa, lunguna ƙanana tsakanin dogayen gidaje masu tagogin katako da suka turo kai waje. Na bi ta wurin masu turare, na ɓulla wurin masu yadi, na dawo wurin masu turaren. Gumi ya jiƙe mini riga. Duk mace mai hijabi ruwan toka irin nata sai na sha gabanta, ni da ban ɗaga ido na kalli mace a ƙasar nan ba tun zuwana. Tsoro ya kama ni sosai, ba na ɓacewarta kaɗai ba. Na san ko na same ta, ta riga ta samu amsar da ta zo nema.

Hausa na ji kafin in gan ta. A wani ɗan fili, gindin wata bishiya, wata tsohuwa tana zaune da farantin gyaɗa da ƙullin yaji, irin mutanenmu da aka haifa a can, Hausarta duk ta gauraye da Larabci. Matata tana zaune kusa da ita kan dakali, ta cire takalmi ɗaya, tana ɓare gyaɗa. Ba kuka take ba. Da kuka na tarar da ya fi mini sauƙi.

Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Kai ne sawwag ɗin?" Direba take nufi.

Na ce, "Ni ne mijinta, Iya."

"To ita ta ce mini direba ya sauke ta." Ta ci gaba da ƙulla yajinta.

Na tsuguna a gaban matata. Ban shirya abin da zan ce ba. Ita ta fara.

"Malam, na bar gida, na hau jirgi, na yi ɗawafi ina roƙon Allah a kanmu. Na zo, ka sa ni a baya kamar kaya. Ka karkatar da madubi don kada ka ga fuskata. Na gani, kada ka ce ban gani ba. Na yi maka magana ka amsa mini da Larabci. Sannan ka ajiye ni a bakin ƙofa. Raina ya ɓaci, Malam. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa ɓaci irin na yau ba."

Na ce, "Kin yi gaskiya."

"Ba gaskiya na zo nema ba."

Sai na faɗi abin da ke akwai. Na ce mata madubin ladabi ne, haka ake yi wa matan da ake girmamawa a aikina, na daɗe ina yi har na manta akwai macen da ya halatta in kalla. Na ce mata ban shigo da ita ba ne domin ni kaina ban taɓa shigowa ba, ban ma taɓa tunanin ana barin irina ya shigo ba, alhali ba wanda ya taɓa hana ni.

Ta daina ɓare gyaɗar. "Ba ka taɓa shigowa nan ba?"

"Yau ne farko."

"Duk hotunan da kake aiko mini, kana cewa ga Jidda?"

"Daga wurin fakin nake ɗauka."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sa takalminta, ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta, ta miƙe.

"Tashi," in ji ta. "Na riga ka zuwa garin nan da awa guda. Zo in nuna maka."

Haka aka yi. Matar da ta sauka Jidda jiya ita ta zagaya da ni. Ta nuna mini wani gida mai hawa huɗu da tagoginsa kore, ta ce in duba yadda aka sassaƙa katakon, mai ciki yana ganin waje, na waje ba ya ganinsa. Ta sa na taɓa bangon, ta ce tsohuwar ta gaya mata da dutsen teku aka gina shi, ga ma ɓawon ƙananan halittun ruwa a jiki. Ta kai ni wani tsohon masallaci da ta leƙa ɗazu. Ba ta huce ba tukuna, tana gaba ina biye, maganarta gajeriya. Amma da na tsaya ina ɗaga kai ina kallon wata taga baki buɗe, na ji ta yi 'yar dariya ta ce, "Baƙauye."

Da muka koma wurin mota, ɗan Damagaram yana nan. Ya gaishe ta da girmamawa. Na nufi motar, na tsaya, na sa hannuwana biyu a aljihu don kada su sake yin abin da suka ga dama. Ita da kanta ta buɗe ƙofar gaba ta shiga. Na zagaya na zauna. Motar ba ta da faɗin da mutum biyu za su zauna a gaba ba su taɓa juna ba. Kafaɗarta tana jikin tawa, in na kai hannu kan giya sai ya goge gwiwarta. Ta miƙa hannu ta kama madubin, ta sauke shi daidai.

"Haka ake barinsa?"

Na ce, "Haka ake barinsa."

Daga nan kuma aikina ya dawo hannuna, na nuna mata cewa shekarun ba a banza suka tafi ba. Na kai ta wurin da direbobi suke cin kifi, ba inda masu gida suke ci ba, domin na san wanda ya fi daɗi. Aka gasa mana babba guda da jar shinkafa, muka ci a faranti ɗaya, tana cire mini ƙaya tana cewa har yanzu ban iya cin kifi ba. Na hau titin bakin teku, na sauke gilashi, iska mai ɗumi da warin gishiri ta cika motar. Ta ƙura wa ruwan ido, can ta ce, "Ashe da gaske ba a ganin ƙarshensa." Na yi ta ba ta labari, ga inda mota ta taɓa mutu mini, ga inda na yi jiran awa shida ranar wani biki. Ta ce in rage, tun safe ba na magana, yanzu kuma na hana ta jin ƙarar ruwa.

A masallacin da aka gina kan ruwa cunkoso ya yi yawa, manyan motoci suna ta zagaye. Na hango wani ɗan gurbi kusa da ƙofa wanda ba mai iya shiga, na cusa jar motata da baya, juyi ɗaya. Ta ce, "Kai, Malam!" Na ce, "Ai na gaya miki." Wannan karon tare muka fito. Na raka ta har ƙofar mata, muka yi la'asar, na jira ta a tsaye a wurin, ba a inuwa ba.

Da rana ta yi sanyi muka samu wurin da ake sauka har bakin ruwa. Na cire takalmi, na naɗe wando. Ta tambaye ni ko shi ma yau ne farko, na ce yau ne. Muka shiga tare har idon sawu, mutum biyu 'yan Maraɗi da suka girma suna jan guga. Ta ɗebo da tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce duk wannan ruwa ba na sha ko kofi ɗaya. Igiyar ruwa ta zo ta janye yashi daga ƙarƙashin ƙafarta, ta yi tangaɗi ta cafke hannuna. Ruwan ya koma, ba ta saki ba. Muna tsaye a haka aka kunna famfon nan da ke harba ruwa sama daga cikin teku, wanda na sha hange ta gilashin mota. Na ji daɗi ranar, irin daɗin da na manta ana ji.

Bayan magariba na mayar da ita masauki, domin motarsu ta filin jirgi za ta tashi. Na kashe mota a ƙofar, ba wanda ya motsa. Ni ba mutum ne mai barin magana a ciki ba in ta kai wuya.

Na ce, "To, Hajiya, kin duba. Me kika gani?"

Ta gyara hijabinta. "Da safe direba ne ya zo ya ɗauke ni. Shi kam ban san shi ba, ba na kuma son in sake ganinsa."

"Wanda ya dawo da ke fa?"

"Shi nawa ne. Yana nan." Ta juyo ta dube ni sosai. "Amma da ƙyar na tono shi, Malam. In ka ƙara masa shekara biyu a can, ban san ko zan same shi ba."

Na ɗauki jakarta da jarkar zamzam, na shiga da su har ciki, a gaban matan nan duka, na tsaya tare da ita har aka kira su.

Washegari na koma Riyad. Da safe na wanke baƙar motar kamar kullum, na buɗe ƙofar baya, na kau da kai, na ɗaga madubi. Aikin mutane ne, kuma zan yi shi da kyau har ranar ƙarshe. A ƙarshen satin kafilina ya tsaya a ƙofar ɗakina, ya ce iƙamata ta kusa ƙarewa, in kawo a sabunta. Bakina ya riga ya buɗe da "Hadir." Na rufe shi, na haɗiye, sannan na ce masa ya yi haƙuri ya fara neman wani direban, ana jirana a gida.